Gidanmu na Garwa, Kamaru: Musayar Waƙa Tsakanin Dangi

Ɗan Hausare:
Salamu alaikum dangi. Ga baitoci a kan gidanmu, wanda ya san saura ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Tarihin gidanmu zan tsara,
Kaka ya taso yana cikin yara,
Daga ƙasar Kano ya sauka Garwa.

Damina in Binuwai ta cika,
Jiragen ruwa su zo su sauka,
Gishiri da siminti shi ke ɗauka,
Gammo a ka, ƙafa cikin ruwa.

Dilar auduga da buhun gyaɗa,
Ya loda su ba gardama ba faɗa,
Ladan dako kaɗan-kaɗan ya haɗa,
Har ya kafa gidan da ya ɗauke kowa.

Gwaggo ta Yelwa:
Ɗana, ka faɗi gaskiya, amma ka tsallake mata.

Ka ambaci gammo, ina mazari?
Inna ke kaɗi tun da fari,
Ta markaɗa wake kafin wayewar gari,
Ƙosai da koko ta kai kasuwa.

Rani in ya zo, kogi sai yashi,
Babu jirgi, babu dako, sai bashi,
Kaskon Inna ke riƙe mu har da shi,
Da shi ta kore mana yunwa.

Babanka kuwa masaƙa ya shiga,
Aikin dare cikin ƙurar auduga,
Ya dawo gira fari fat, mu hango ta taga,
Ko bai karya ba sai ya kai mu makaranta tukuna, Allah ya ji ƙan ɗan'uwa.

Baitin ƙarshe ya yi tsawo, ku bar min shi haka, ba zan iya rage komai a ciki ba.

Baffa:
Amin, Yaya. Bari in ɗora daga inda na gani da idona.

Yaƙin Biyafara ya tare hanyar jirgi,
A 1982 madatsar Lagdo ta ɗaure kogi,
Baba ya aje gammo, bai yi zargi,
Ya ce rabonsa a tasha ya zo ƙarewa.

A 1974 kamfanin auduga SODECOTON aka kafa,
Ban daɗe ba na sa ƙafa,
Gaban injin gurza ina zufa,
Angurya gefe, a matse man dafuwa.

A 1994, watan Janairu,
Aka karya sefa, kun san ya faru,
Faran na Faransa daga sefa hamsin ya kai ɗari, farashi ya ƙaru,
Albashi na nan, shinkafa na hawa.

Ɗan Hausare:
Baffa, ni babur ne sana'ata,
Daga Yelwa har Jambutu hanyata,
Da shi nake biyan karatun ƙanwata,
Tana jami'a a Marwa, tana ƙoƙartawa.

Sai dai rana da ƙura sun ci ƙirji,
Mai ya yi tsada, kowa ya ji,
Ina son aikin da zan huta in ji
Cewa gobe akwai abin kamawa.

Baffa:
Ɗana, kakar auduga ta matso,
Masu gurza na neman mai ƙwazo,
Haɗa takardunka ran Jumma'a ka zo,
Mu je tare a gwada nemawa.

Ɗan Hausare:
In sha Allahu, Baffa. Bayan masallaci ina ƙofar gida.