Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ko ta dace da dajinmu?

Malamin makaranta, Alkaleri:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin manya da masana a kan wannan karin magana, domin ina so in yi amfani da ita wajen koya wa ɗalibaina illar daddatsa daji. Mun saba jin ta wajen sulhu, idan ana nuna wa 'yan'uwa cewa saɓaninsu ne ya bai wa magulmaci ƙofa. Ni kuwa ina ganin ta dace da daji. Tun 1956 aka keɓe Yankari, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244, amma yau gonaki da ƙauyuka sun kewaye shi. Duk inda hanya ko gona ta ratsa daji, a bayanta mafarauta da masu gawayi da masu saran madobiya suke shigowa.

Dattijo, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka mai kyau ce, sai dai ban gamsu ba. Magabata sun yi wannan magana ne a kan mai mugun nufi, wanda yake jiran ɓaraka ya cusa kai. Idan ka ɗora ta a kan daji, yaro zai fahimci cewa mahaifinsa manomi shi ne ƙadangaren, alhali mutumin abinci yake nema wa iyalinsa, kuma wataƙila shi ne wanda giwaye suka tattake masa dawa a dare ɗaya tana gab da nuna. Bai kamata a koya wa yaro raina sana'ar gidansu ba.

Ɗalibar kimiyyar gandun daji, Bauchi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izinin in ɗan saɓa. Ba dole ne ƙadangaren ya zama mutum ba. A ƙasar Brazil, kusa da birnin Manaus, an fara wani bincike a 1979 ƙarƙashin jagorancin Thomas Lovejoy, inda aka bar gutsattsarin kurmi masu faɗin hekta 1 da 10 da 100 a tsakiyar filayen kiwo, aka yi ta lura da su shekara da shekaru. Abin da ya fara shiga ta bakin dajin shi ne iska da zafin rana da bushewa, har manyan itatuwan da ba a taɓa su da gatari ba suka riƙa mutuwa, tsuntsayen da suka saba da inuwa kuma suka ragu ƙwarai a ƙananan gutsattsarin. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dazuzzukan da suka rage a duniya ba su wuce kilomita ɗaya daga bakin daji ba. A wurinmu sai a ƙara da gobarar rani, wadda galibi daga gefe take tasowa. Saboda haka ina ganin Malam bai kauce ba.

Hajiya, Dukku:
'Yata, kin yi bayani mai gamsarwa, amma ni inda nake ganin karin maganar ta gaza daban ne. Ita tana magana ne a kan abin da yake shigowa, ba ta ce komai ba game da wanda aka rufe a ciki. Dabbar da dajinta ya zama tsibiri a tsakiyar gonaki ba ta da hanyar zuwa wani dajin neman ruwa ko abokin barbara, sai zuri'arta ta yi ta juyawa a cikin jini ɗaya har ta raunana. Itatuwa ma abin yana shafarsu. Mu masu daddawa mun san darajar ɗorawa, kuma jemagu ne kan gaba wajen yi mata barbarar fure da daddare, kamar yadda giwa take cin aduwa ta kai ƙwallon nesa a cikin kashinta. Idan aka yanke musu hanya, itacen yana nan tsaye da ganyensa, amma ba za ka ga ƙanana suna tasowa a nesa da shi ba. Wannan ne yake damuna duk lokacin da na ga yadda noma yake cin gefen dajin Wawa-Zange. Makiyaya sun daɗe da sanin amfanin burtali, kuma namun daji ma irinsa suke buƙata tsakanin daji da daji.

Dattijo, Bauchi:
Hajiya, wannan kam na karɓa. Malam, idan har za ka yi amfani da ita, to ka fara da tambayar yaran wane ne ya bari bangon ya tsage, domin a asalin maganar masu gida ake yi wa faɗa. A nan masu gidan sun haɗa da hukumar da take ba da izinin sara, da mu mazauna birni da muke sayen buhun gawayin kirya ba mu tambayi inda aka ƙona shi ba. Batun da Hajiya ta kawo kuwa, a ware masa darasi na kansa, kada a matsa wa karin maganar ta faɗi abin da ba ta faɗa ba.