Me ya sa bunsuru ke ɗage leɓe idan ya shinshina fitsarin akuya?

Mai Kiwo: Assalamu alaikum. Bunsuru kan shinshina fitsarin akuya, ya ɗaga kai sama, ya yage leɓen sama. Shin alama ce ta akuyar ta shirya barbara?

Malamin Dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Bincike yake yi. A gindin bangon da ya raba kafofin hanci akwai wasu 'yan bututu biyu, ana kiransu gaɓar Jacobson, sunan likitan Denmark da ya bayyana su a 1813. Wata 'yar hanya ta haɗa su da ganɗa, daidai bayan dasashin sama. Idan ya ɗage leɓe, ɗigon fitsarin na bin hanyar ya kai sinadaran jikin mace can, saƙo ya wuce ƙwaƙwalwa. Rago da bijimi ma haka suke yi.

Baba Makiyayi: Amma kada ka dogara da wannan, ɗana. Yana yi ko akuyar ba ta shirya ba. Tabbatacciyar alama ita ce ta tsaya masa ya hau, ga kaɗa jela da yawan kuka. Takan sake shirya barbara duk kwana 21, tunkiya kwana 17. Rubuta ranar, domin lokacin kwana ɗaya ne zuwa biyu, idan ya wuce sai wani zagayen.

Mai Kiwo: Na gode. Mutum fa, yana da wannan gaɓar ta Jacobson?

Malamin Dabbobi: Ɗan gurbi kawai ya rage a hancin baligi, ba jijiyar da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Turaren da ake cewa yana janyo mata ta wannan gaɓa, kada ka ɓata kuɗinka.