Ƙwayoyin hanji da ciwon suga: gado ne ko tukunyar gida?

Ummu Hafsat, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa ciwon suga da ƙiba duk daga rikicewar ƙwayoyin hanji suke, wai har da sikila, kuma kafson probiotic (mai ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu amfani) na saidaliyya, wato kantin magani, yana gyara komai. Masu sani, ina gaskiyar take? Gadon ƙwayoyin nan ake yi?

Abu Sadiq, Makka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yawancinsu ba na cuta ba ne. Hanjin baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, nauyinsu wajen giram 200. Abincinsu faiba ne, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye da ciki ba ya iya narkarwa. Su suke tsima shi, su fitar da sinadarin butiret wanda bangon babban hanji ke rayuwa da shi. In abinci ya koma farar shinkafa da burodi fari da lemon kwalba safe da dare, sai su rasa abin ci, wasunsu su koma cin majinar da ta lulluɓe bangon. Bango ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya tsallaka jini, kumburi ya kama a ɓoye, insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya daina aiki yadda ya kamata. A ɓeraye aka fi ganin wannan ƙarara. A mutum, ɗaya ne cikin dalilai, tare da gado da ƙiba da rashin motsa jiki.

Batun gado kuwa, kaɗan ne. Jariri yana samun na farko daga mahaifiya wajen haihuwa da shayarwa, sauran daga abinci da muhalli. A 2010 an gwada yaran wani ƙauye a Burkina Faso masu cin gero da dawa da yaran Florence a Italiya, aka ga na ƙauyen sun fi yawan nau'o'in bakteriya da sinadaran nan masu amfani. Sikila kuma daga ƙwayar halittar jini take, uwa da uba kowa ya ba da tasa. Shi ya sa Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004. Babu kafson da ke canza ta.

Maman Ilham, Madina:
Ina so in ƙara a kan magani, don nan aka fi yin ɓarna. Antibayotik ba ya bambance mai amfani da mai cuta. Shan sa don mura, wadda bairos ke kawowa, asara ce kawai, kuma hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsaurara hana sayar da shi ba takardar likita, to don Allah a daina karɓar ragowar na maƙwabta. Gudawa kamar ruwa sau uku ko fiye a yini bayan shan sa, da zazzaɓi ko murɗar ciki, asibiti za a je, kada a sha maganin tsayar da ita.

Amma yaro mai sikila da likita ya ɗora a kan antibayotik ɗin fenisilin kullum har shekara 5, kada a tsayar masa saboda tsoron hanji. Ransa ake karewa.

Haka metformin, maganin ciwon suga. Yana canza ƙwayoyin hanji, kuma yakan kawo kumburin ciki da gudawa a farko. Ana farawa da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara a hankali, ko likita ya canza zuwa mai narkewa sannu-sannu.

Abu Sadiq, Makka:
Gaskiya ne Maman Ilham. Hajiya, kuɗin kafson a kai shi kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini. Kofi ɗaya na dafaffen adas (wani irin ƙananan wake) yana ba da wajen giram 15. A haɗa da waken ful da safe, burodin burr (na alkamar da ba a cire dusarta ba) maimakon farin burodin samuli, miyar kuɓewa ko kuka ko zogale, tuwon dawa da ba a surfe shi sosai ba, da laban (nono mai tsami) marar suga. A ƙara cikin mako biyu zuwa uku ana shan ruwa da yawa, don wanda ya cika kwano da wake rana ɗaya iska za ta dame shi ya fasa. Mai shakkar suga ya yi gwajin HbA1c, wanda ke auna matsakaicin sugan jini na watannin baya, a mustausaf (ƙaramin asibiti): daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama sai a zauna da likita.