Wai haidirojin feroksaid guba ne?

Mai Leza: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara biyu ina haɗa abin gano haidirojin feroksaid, wani sinadari mai ɗauke da oksijin, a cikin ƙwayar halitta. Na liƙa sinadarin boronet a jikin mitsi-mitsin ƙwayoyin zinare. Da feroksaid ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya zama fenol, layukan hasken Raman, wato hasken da sinadari ke tarwatsawa mai nuna ko wane iri ne, su canja, in karanta da leza. Mai duba takardata ya yi watsi da ita, wai ban nuna feroksaid kaɗai take gani ba. Hassada ce. Hanyata ta fi sinadaran ganowa masu ƙyalli kama wannan guba, domin su haske na dusashe su.

Tsohon Malami: Guba? Ɗana, gyara bakinka. Fararen ƙwayoyin jini da kansu suke ƙera ire-iren sinadaran oksijin masu zafi kamar feroksaid don kashe ƙwayoyin cuta, kuma feroksaid saƙo yake kaiwa a cikin ƙwayar halitta.

Mai Leza: Ranka ya daɗe, abin da ke lalata DNA da kitsen bangon ƙwaya me sunansa?

Zinariya: Haidiroksil, wani sinadarin oksijin mai zafi, ke wannan ɓarnar, shi da rayuwarsa ba ta ko kai ƙiftawar ido. Kada ka shafa wa feroksaid kashin kaji.

Ɗan Benci: Mai duban nan fa da gaskiyarsa. Feroksinaitirayit, wani sinadari mai zafi da ake samu a ƙwayar halitta, ya fi feroksaid saurin cin boronet kusan sau miliyan. Ka gwada da shi?

Mai Leza: Zinariya, ke dama ƙyalli kike aiki da shi, ba za ki yaba ba.

Zinariya: Ni dai ba na jiran haske ɗaya cikin miliyoyi ya tarwatse kamar a hanyar Raman kafin in ga abu.

Tsohon Malami: Ai shi ya sa ake sa zinare, yana ninka siginar. Tun 1974 masanin sinadarai Fleischmann ya ga haka a Southampton ta Ingila.

Zinariya: Da azurfa ya yi, Malam. Kuma sai 1977 masana su Van Duyne suka gane ƙarfin ne ya ninku.

Tsohon Malami: Yarinya, kafin a haife ki nake koyar da wannan.

Ɗan Benci: Feroksinaitirayit fa?

Shugaban Zaure: Mu taƙaita. An amince feroksaid ba guba kaɗai ba ne, kamar yadda malaminmu ya faɗa. Raman, wanda ya ci Nobel a 1930, hanyarsa ta fi ƙyalli, duk da wata ta nemi kawo ruɗani. Ɗan Benci, tambayarka ka tura masa ta bayan fage. Na rufe.