Wace kalma ta dace da kewayayyun ɗakunan manoman zamanin da na Birtaniya?

Masu binciken kayan tarihi a Birtaniya suna da kalmar roundhouse, wadda suke kiran mazaunin manoman ƙasar da ita tun zamanin tagulla har zuwa bayan shigowar Rumawa. Na ga masu fassara suna cewa bukka, kuma wannan bai gamsar da ni ba, domin bukka ta ciyawa ce ko kara, ana kafa ta yau a tashe ta gobe, alhali faɗin waɗannan ɗakuna yakan kai mita 15, iyali guda kuma su shekara da shekaru a ciki.

Yadda ake gina su ne zai raba gardama. Ana kafa dirkoki a da'ira, a saƙa tsumagu tsakaninsu, a yaɓe da laka, sannan a ɗora jinka mai tsini, a yi murhu a tsakiya, hayaƙi yana fita ta cikin jinkar. Ƙofa kuwa galibi gabas take kallo ko kudu maso gabas. A Must Farm, kusa da Peterborough, inda aka yi tono a 2015 da 2016, gobara ta cinye wasu da aka gina bisa ruwa wajen shekara 850 kafin haihuwar Annabi Isa, taɓo ya adana katakon rufin, har da kwano mai sauran fate da cokalinsa.

Saboda haka nake ba da shawarar kago, sunan da Hausawa suka daɗe suna kiran kewayayyen ɗakin laka mai jinka da shi. Ana iya cewa namu ƙarami ne, kuma ɗaya ne cikin ɗakunan gida. Gaskiya ne, sai dai babban kago ya wadatar inda ake son nuna girma. Gida kuwa ba zai yiwu ba, tunda gida a wurinmu ya haɗa da tsakar gida da danga.

Abin da ya rage a ƙasa ma yana bukatar suna. Inda ramukan dirkoki kaɗai suka saura, sai mu ce gurbin kago. Inda bangon dutse yake tsaye ba rufi, kamar ɗakuna 24 na Grimspound a Dartmoor, kango ne, ƙauyen gaba ɗaya kuma kufai. Ina son jin ko mutanen Damagaram da Sakkwato suna amfani da kago da wannan ma'ana, ko suna da wata kalmar da ta fi ta.