"Duk Sata Ce": Rigimar da Ta Tashi a Zauren Masu Karatu na Kaduna

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam a bar ni in amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Jiya da daddare na ƙarasa wani fim mai dogon zango da aka dame mu da tallarsa. Ba zan kama suna ba, kar a ce aiko ni aka yi. Datar da na saya don aiki ita na ƙona a kansa, ga wuta babu, sai da na kai wayar caji bakin titi. Me na gani? Ɗan mai kuɗi ya dawo daga Turai, ya kusa bige 'yar talaka da mota, iska ta fizge gyalenta ta rufe masa fuska, shi ke nan so ya kama. Uba ya ce sai dai bayan ransa. Can sai ga ciwon zuciya, sai ga likita ya fito yana cire tabarau yana girgiza kai. Wallahi tun ina firamare na ga wannan a fim ɗin Indiya, har girgiza kan. Kuma bayan duk wannan jan rai, kashi na ƙarshe bai warware komai ba, aka rubuto mana wai mu haɗu a zango na gaba. Da takaici ya ishe ni na jawo tsohon Magana Jari Ce ɗina, ban ajiye ba sai da na ji kiran assalatu. Nan na san mun yi asara. Mutanen da zama suke su ƙirƙiro abinsu daga kansu. Na yanzu kuwa, da 'yan fim da masu rubuta littafi a waya, duk sata ce.

Maman Khairat: Wa alaikumus salam. Duk? Nawa ka karanta a ciki?

Bakanon Kawo: Sata fa ba ƙaramar kalma ba ce, ɗan'uwa. A kasuwa ka kira mutum ɓarawo sai an dangana da gaban hukuma.

Ɗan Rigasa: To me zan kira ta? Kyauta?

Malam na Tudun Wada: Ɗana, littafin da ka ɗauko ka kafa hujja da shi, shi ne zai kayar da kai. Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Rupert East na hukumar talifi ta Zariya ya tara wa Abubakar Imam littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Gabas, ya zauna da su ya yi aikinsa. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Sarkin Busa, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa ya kwashe musu yara, shi ne mai sarewar garin Hamelin na Jamus. Kalala da Kalalatu ma, matar da ta cinye kaji biyu ta gaya wa baƙo wai mijinta kunnuwansa zai yanke, tana nan a tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus, sai dai a can kuku ce da ubangidanta. Abin da zai fi ba ka haushi kuwa shi ne akun kansa. Indiyawa suna da tsohon littafi, Shukasaptati, labarai 70 na wani aku da yake tsare matar maigidansa da hira kowane dare don kar ta fita. Me akun Imam yake yi wa Musa ɗan sarki? Ba tsare shi yake da labari har gari ya waye don kar ya fita ba?

Bakanon Kawo: Allahu Akbar! Ashe akun ma ɗan Indiya ne. Ɗan Rigasa, ka gudu daga Indiya ka faɗa Indiya.

Ɗan Rigasa: Allah gafarta Malam, yanzu Abubakar Imam kake kira ɓarawo?

Malam na Tudun Wada: Ni ban kira shi ba. Mudunka na ara na auna.

Bazazzagi (shugaban zaure): A yi hattara da harshe. Abin da marigayi ya yi aro ne, ba sata ba. A kiyaye.

Abban Sultan: Aro ai ana mayarwa, shugaba. Yaushe aka mayar wa Jamusawa kajinsu?

Bazazzagi (shugaban zaure): Wannan ba wasa ba ne.

Abban Sultan: Ni ma ba wasa nake ba. In mamaci ya ɗauka sai a ce aro, in mai rai ya ɗauka sai a ce sata. Ku ba mu ƙa'ida ɗaya mu huta.

Ummu Hanan: Sata ita ce ka ɗauka ka ɓoye inda ka samo. In ka faɗi, ba sata ba ce.

Abban Sultan: To a wane shafi na Magana Jari Ce aka rubuta "wannan na Grimm ne"? Mun yi shi a sakandare, ba wanda ya gaya mana. Ni sai yau nake ji.

Ummu Hanan: Rashin jinka ai ba laifin littafi ba ne, Yaya.

Malam na Tudun Wada: Ku tsaya, kun bar jaki kuna dukan taiki. Shaddar da kuke sawa ranar Juma'a daga Turai ake kawo ta, amma in tela ya yanka ya ɗinka babbar riga ya zuba mata aiki, wa zai ce ba kayan Bahaushe ba ne? Imam yadi ya karɓa. Ka karanta Kalala ka gani: rowarsa, kwaɗayin matarsa, yadda baƙon ya zura da gudu shi kuma ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, yana nufin kaza, baƙo yana jin kunne. Ba inda za ka tsaya ka ce wannan ba a unguwarmu ya faru ba. Fim ɗin da yaron nan ya kalla kuwa, bisa yadda ya faɗa, a ɗinke aka ɗauko rigar. Wace 'yar talaka ce a Rigasa gyalenta zai tashi ta tsaya tana kallon saurayi, ba ta bi abinta da gudu ba?

Bakanon Kawo: Malam, da girmanka. Maganar gaskiya duk wannan zagaye-zagayen Kano ake nufi. Kullum 'yan Kaduna in za su zagi fim sai su ce "'yan fim", amma mun san inda aka dosa. Mu muka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, daga nan masana'antar ta tashi. Ku me kuka yi ban da gyara wa mutane Hausa, alhali taku ma rabi Turanci ce?

Ɗan Malali: Kai, kama bakinka. Lokacin da Samanja Mazan Fama yake girgiza Arewa daga rediyo da talabijin na Kaduna, wa ya san wani Turmin Danya? Kasimu Yero fa? Kuma fim ɗin Wasila da ya hana matan Kano barci, Yakubu Lere ne ya shirya shi, mutumin jihar nan. Mujallar Fim ma da ta riƙa ba ku labarin kanku, daga Kaduna ta fara fitowa a 1999.

Bakanon Kawo: Samanjan ai Usman Baba Pategi sunansa. Pategi a Kaduna take? Jihar Kwara ce. Ga wata satar kuma.

Ɗan Malali: A nan ya yi aikinsa, a nan ya yi suna. Kai ma da kake cika baki a Kawo kake cin abinci.

Bakanon Kawo: Haya nake biya, ba kyauta aka ba ni ba.

Hajiyar Unguwar Rimi: Salamu alaikum, akwai turaren wuta da humra 'yar Maiduguri, ana kaiwa har gida a cikin Kaduna. Mai so ya yi min magana ta gefe.

Bazazzagi (shugaban zaure): Hajiya, an hana talla a nan, don Allah a goge. Kuma tunda an zo maganar gari, a sani cewa duk abin da ake taƙama da shi na rubutun Hausa daga Zariya ya fito. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a Zariya aka shirya ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939, Zariya, kuma Imam ne editanta. Zariya kuwa jihar Kaduna ce. Magana ta ƙare.

Bakatsine: Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Imam a Katsina ya yi karatu, a Midil ta Katsina yake koyarwa lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Aron sa kuka yi, ku ma ba ku mayar ba.

Abban Sultan: A Kagara aka haife shi a 1911, jihar Neja ta yanzu. Ku duka biyun ku saki.

Bakatsine: Haihuwa daban, tarbiyya daban.

Maman Khairat: Ni har yanzu ina jiran amsata. An ce masu rubuta littafi a waya duk ɓarayi ne, na tambayi nawa aka karanta, maza sun wuce suna rabon gari. Makon jiya na gama wani littafi na wata yarinya da ban ma san fuskarta ba, labarin matar da aka saka tana da 'ya'ya huɗu ta koma gidan yayanta. Akwai inda matar yayan take raba nama da daddare, ta tsallake kwanon yaran baƙuwar, ita kuma uwar ta ce musu ai yau azumin nama suke yi. Na ajiye wayar na yi kuka. A wane fim ɗin Indiya aka sato wannan? A gidajenmu yake.

Ɗan Malali: Anti, kuka dai kam kun iya. Shi ya sa tuwo yake kamawa.

Maman Khairat: Ƙanena, ranar da ka fara kawo cefane sai ka yi maganar tuwo. Haka aka raina su Balaraba Ramat Yakubu, aka ce adabin kasuwar Kano ne. Littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne ya fito a 1990, yau an fassara shi zuwa Turanci, kuma wani kamfani na ƙasar Indiya ne ya buga fassarar a 2012. Indiyawan da kansu suka zo suka ɗauki namu. Kuma in sata kuke nema ga ta a gabanku: marubuciya ta kwana tana danna waya, ta sa wa littafinta ɗan kuɗi kaɗan, mutum ɗaya ya biya ya watsa a zaure goma. A nan zauren ma an yi, kuma na ga waɗanda suka sa hannu suna godiya.

Ummu Hanan: Faɗa musu, Anti. Har da masu kai waya a tura musu fim a kasuwa, su dawo suna zagin mai fim ɗin.

Bakanon Kawo: Wannan kuma taimakon talaka ne, ba sata ba.

Ummu Hanan: Au, yanzu kuma kalmar ta yi nauyi?

Abban Sultan: Tsaya tukuna. Ɗan Rigasa, na koma sama na sake karanta saƙonka. "Tsohon Magana Jari Ce ɗina" ka ce? Mai bango naɗe da takardar kalanda, an zubar da shayi a shafin farko? Wanda ka karɓa a shagona tun kafin azumi ka ce kwana biyu?

Ɗan Rigasa: Haba Yaya, wannan ai maganar gefe ce.

Abban Sultan: A gefen na yi ta kira ba ka ɗauka. Shugaba, a taimaka a yanke mana: wannan aro ne ko ɗayar?

Bakatsine: Tunda mai rai ne ya ɗauka, kun san hukuncin.

Ɗan Rigasa: Ku yi ta dariya. Ni dai har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan abin da ya kawo ni. Ya halatta a ja mutum wata da watanni, a cinye masa data, a ƙarshe a ce ya jira zango na gaba?

Ɗan Malali: Wai wane fim ne ma? Wanda uban ya faɗi a asibiti?

Ummu Hanan: Innalillahi! Uban faɗuwa yake yi? Ni fa ina kashi na tara! Allah ya isa, Ɗan Malali.

Ɗan Malali: Ni ban ce ya mutu ba.

Ummu Hanan: Mutuwa ma yake yi?

Bakanon Kawo: Ka ga masu zagi, ashe duk suna kallo.

Bazazzagi (shugaban zaure): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Na ɗaya, zaure ya amince cewa marigayi Abubakar Imam bai saci komai ba, kuma Malam ya tabbatar da haka da hujjoji. An kuma yarda cewa Zariya ce uwar rubutun Hausa, ba a samu wata gamsasshiyar suka ba. Maganar finafinan Kano, akasarin masu magana sun nuna akwai gyara sosai. Batun littattafan mata an ji, za a sa masa rana. Zancen littafin Abban Sultan ba hurumin zaure ba ne. Zan rufe sai da safe.

Malam na Tudun Wada: Shugaba, ni ba abin da na ce ke nan ba.

Bakatsine: "Ba a samu suka ba"? Saƙona yana nan sama, ko shi ma an goge tare da na humra?

Maman Khairat: Wace ranar? Watan jiya ma haka ka ce.

Bakanon Kawo: Akasari su wa? Mutum biyu ne, ɗayan ma da littafin mutane a hannunsa.

Hajiyar Unguwar Rimi: Kafin a rufe, humrar saura kwalba uku.