Ganyen dil ya ba ni kunya a farfesu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah masu girki da ganyen dil, wanda Larabawa ke kira shabat, ku agaza min. A Alƙahira na saba da shi, cikin shinkafar da suke naɗewa a ganyen kabeji.

Jiya da ƙyar na samo ɗauri biyu, ga tsada. Na yayyanka ɗaya na zuba a farfesun tarwaɗa tun farkon tafasa. Bayan minti 20 ya yi duhu, ƙamshin nan ko sama ko ƙasa, attaruhu kawai ake ji. Maigida har da tambayar ina abin da nake ta cika baki a kai.

Sai an sauke ake zubawa ne? Ɗayan kuma ya fara yaushi, ga firji ba wuta. In na shanya, ƙamshin zai tsaya?